Hanyar da Aka Yi wa Babur

Shekarun baya, wata Litinin, ƙarfe tara da minti goma na safe, kekena ya tsaya a gaban matakala huɗu. Na san lokacin ne domin ni irin ɗaliban nan ce masu rubuta komai a ɗan littafi, har da lokacin da motar Tsafe ta sauke ni a Gusau.

Shan inna ya riƙe mini ƙafafu tun ina shekara biyu, saboda haka ni da matakala mun san juna. Sai dai waɗannan huɗun su ne tsakanina da wata maɗaba'a da makarantarmu ta tura ni koyon aiki na wata uku. Dole mai wurin ya sa hannu a takardata kafin Juma'a, in ba haka ba shekarar ta wuce ni.

Mai wurin, wani Alhaji mai furfura, ya fito da kansa. Mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya kusa kayar da ni. Ya dubi keken, ya dubi matakalar, ya ce ma'aikatansa duk maza ne, ba zai sa su riƙa ɗaukar ɗiyar mutane safe da yamma ba. Sai ya sassauta murya.

"Ɗiyata, kawo takardar in sa miki hannu. Ki koma gida ki huta, bayan wata uku in rubuta kin yi aiki. Wahalar ta mi ce?"

Na ce na gode. A lokacin ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin ta fito, balle gardama da dattijo. Amma ban miƙa takardar ba.

A gida mahaifiyata ta ce in karɓa, Allah ne ya kawo sauƙi. Yayana ya ce masu ƙafafu ma irin wannan gatan suke nema ba su samu. Ban musa musu ba. Ni dai na san shekara biyu na yi ina karanta yadda ake tsara shafi da gyaran rubutu ban taɓa ganin injin buga littafi yana aiki ba, kuma sa hannu ba ya koya wa mutum komai.

Akwai abin da na gani a ranar na rubuta. A gefen matakalar an zuba wani siririn gangaren siminti, inda ake tura babur ɗin Alhaji zuwa baranda don kada rana ta dake shi.

Ranar Laraba na koma da tef ɗin ɗinkin mahaifiyata. Na sunkuya na auna gangaren, na auna keke, na auna faɗin ƙofa, ma'aikata suna leƙe. Tun a gida na rubuto jawabi mai shafi biyu, na gyara shi sau uku. Da Alhaji ya fito, duk ya gudu daga kaina, abin da ya rage kaɗan ne.

"Baba, ƙofar ta ishe ni. Hanyar babur inci goma sha biyu ce, kekena ashirin da shida. A ƙara mata faɗi, a rage mata tsaye, ba mai ɗaukata."

Mai kula da injin ya yi dariya, ya ce ashe babur ya fi mutum gata a gidan nan. Alhaji ya ce masa ya koma bakin aikinsa, amma shi ma bai ɗauke ido daga gangaren ba.

Har yau idan na shiga shago ko ofis sai na duba ta ina ake shigar da janareto da buhunan kaya. Kusan kullum akwai hanya. Mutanenmu sun iya yin ta, sai dai ba a tuna musu wa za a yi wa. Na kuma koyi cewa tausayin da zai zaunar da ke a gida, ki gode masa da ladabi ki bar masa kayansa.

Alhaji ya karɓi tef ɗin, ya durƙusa ya sake awon da kansa, kamar yana fatan na yi kuskure. Ya miƙe, ya karɓi takardar makarantar, ya dafa ta a kan sirdin babur ya sa hannu. Na tambaye shi ko wannan sa hannun na komawa gida ne.

Ya ce, "Kada ki zo gobe, kada ki zo jibi. Siminti na son kwana uku yana shan ruwa. Litinin ƙarfe takwas, kuma nan ba mu ɗaga wa kowa ƙafa kan latti."