Tsarabar da Aka Maido Mini

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, a Kara-Kara, babban abokin gabana shi ne kuran, wutar lantarki. Muna rubuta manhajoji, muna kuma amfani da wata manhaja ta kyauta wadda ke harhaɗa mana guntayen aikin. Ita ke duba wane fayil ya dogara da wane, ta jera su, tushe kafin bango, sannan ta gina. Aibinta ɗaya: in wuta ta ɗauke tana tsakiyar gini, sai ta manta inda ta tsaya, ta koma farko. Waɗanda suka ƙirƙiro ta, da alama ba a taɓa ɗauke musu wuta ba.

Da yake a buɗe take, kowa na iya karanta cikinta ya kawo gyara, sai na zauna na gyara. Na kuma cika baki a fadarmu, wurin shayi, cewa Turai za ta san da Damagaram.

To amma ni ɗan gidan mutunci ne, ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Gyaran nawa layi kaɗan ne, na ji kunyar aika shi haka tsirara. Sai na bi fayilolinsu ina share-share, na sake wa abubuwa suna, na daidaita abin da ba wanda ya ce ya karkace. Na ɗora gaisuwa a sama, har da tambayar iyali da gajiya.

Amsa ta zo daga wata mata cikin masu kula da manhajar. Ta ce gyara ɗaya, magana ɗaya. In cire sauran duka, in haɗo gwajin da zai nuna gyaran na aiki. Ko iyalina ba ta tambaya ba.

Raina ya ɓaci sosai. Na kai ƙara fada.

"Kai, tsaraba ta maido maka?" in ji abokina mai ɗinki. "Wallahi ko a Garagumsa ba a wannan. Ka bar musu kayansu!"

Na yi kwanaki ina fushi, kuran kuwa bai san ina yi ba, yana ta aikinsa. Da na gaji, na dawo na cire tsarabar ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina tsaki. Wurin rubuta gwajin ne na gano share-sharen nawa sun karya abu biyu da suke lafiyarsu ƙalau. Wannan ban kai fada ba.

Da na sake aikawa, matar ta karɓa da kalma ɗaya ta godiya. Da sabon zubi ya fito muka sauke, muka sa gini, na zauna ina addu'ar da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: Allah ya sa a ɗauke wuta. Ranar kuwa ta ƙi ɗaukewa. Da la'asar ta yi haƙurina ya ƙare, na tashi na zare wayar wutar da hannuna, na mayar. Ginin ya ci gaba daga inda ya tsaya, ni kuwa na juya fuska bango don kada abokan aiki su ga idona.