Zaren Kaset a Gonar Dawa

Sana'ata ita ce nemo wa mutane abin da suka rasa. Na fara da tallar batir da kaset a kan tire a bakin tasha, na koma bayar da hayar kaset ɗin bidiyo, daga nan faifai, yau kuma shagona a Kontagora cike yake da talabijin da risiba da eriya. Idan rimot ɗinka ya ɓace, ko da kamfanin ya daina yin irinsa, ka ba ni 'yan kwanaki zan ɗora maka shi a hannu. Haka mutane suka san ni. Haka ma mahaifiyata ta san ni, shi ya sa ranar da ta nemi abu a wurina ta faɗe shi kamar mai aiken a sayo mata gishiri.

Mun dawo daga asibiti ke nan. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa. Magani zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Tana zaune a kan tabarma tana kwance ɗaurin kallabinta ta ce, "Ka samo mini wasan telan nan. Wanda aka yi a kasuwarmu."

Na gane abin da take nufi. Lokacin muna yara akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa duk ranar Alhamis bayan magariba, labarin wani tela mai yawan alkawari da maigidan hayarsa. Ba mu da talabijin. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti ne yake ɗora tasa a kan taga ya juyo da ita waje, unguwa ta taru a ƙofar gidansa, maza a kan benci, mata daga bayan zana. Eriyarsa tana bisa doguwar gora. In hoto ya fara rawa sai wani ya tashi ya juya gorar, mu kuma muna ta cewa, "Ƙara kaɗan. Koma baya. Tsaya nan."

Wata shekara masu wasan suka zo suka ɗauki kashi ɗaya a kasuwar Kontagora. Da aka nuna shi, tela yana tsaka da rantse-rantse a kan ɗinkin sallah, sai ga babanmu ya ratso ta bayansu yana tura kekensa, buhun gyaɗa a kan kariya. Ya tsaya, ya dubi kyamara, ya gyara hularsa, ya wuce da ɗan ɗingishinsa. Unguwa ta kaure da dariya. Shi kuwa ya ce wannan ba shi ba ne, wani mai kama da shi ne. Mutum ne da ba ya son hoto. Da ya rasu, abin da ya bari ƙaramin hoton fasfo ne, shi ma damina ta cinye rabin fuskar.

Na ce, "Inna, wannan ai ƙaramin aiki ne."

Ta ce, "To ka yi sauri. Ba ni da idon jira."

Na fara da waya. Duk wasannin da nake tunawa na wancan zamani na bincika. Wasu na samu guntayensu, hoto ya dushe, murya kamar daga cikin rijiya. Na telan kuwa babu ko alamarsa. Na kira abokan ciniki a Kano da Kaduna da Sakkwato, mutanen da suke loda wa jama'a fina-finai a waya, rumbunsu ya cika da na Indiya da na Turkiyya. Wani ya ce bai taɓa jin labarinsa ba. Wani ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wa zai kalli wannan yanzu?"

Na shirya na tafi har gidan talabijin ɗin da ya yi shirin. Wani dattijo da ya kusa ritaya ya karɓe ni da mutunci. Ya tuna wasan sarai, har ya kwaikwayi yadda telan yake lanƙwasa wuya in zai yi ƙarya. Sannan ya gaya mini gaskiya. A wancan lokaci kaset yana da tsada, in an nuna shiri an maimaita shi, sai a ɗauki wani a kansa. Abin da ya tsira kuma zafi da yoyon rufi sun gama da shi. Na saba in aka ce mini babu, in ji cewa farashi ne bai kai ba. Na dubi idon mutumin nan na ga babun nan ta gaske ce.

Da na dawo Inna ta ji ƙarar motata, ta fito har zaure tana lalubar bango. "Ka samo?"

"Tukuna."

"Kai da kake samo wa kowa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗan ne ma da ya fi mini sauƙi.

Wani direba da yake ɗaukar mini kaya shi ya tuna mini da wani dattijo a Rijau. Lokacin ina hayar kaset, mutumin yana da gidan kallo da janareto, yana zuwa ya karɓi fina-finai a wurina. Yana da wata ɗabi'a: duk abin da aka nuna a talabijin ya burge shi, sai ya ɗauka a kaset domin mutanen ƙauye da suke zuwa ranar kasuwa. Na nemi lambarsa na kira shi.

"Wasan tela? Ina da shi, ɗana. Har wanda aka yi a kasuwarku, lokacin da suka maimaita. Kwali guda ne a ɗakin ajiya, na daɗe ban duba ba."

Ban gaya wa Inna ba sai da na gyara tsohuwar na'urar bidiyo da take jibge a bayan shago, na canza mata bel, na goge kanta. Sannan na ce mata gobe zan je Rijau. Ta ce a wanke mata tabarau.

Ranar Lahadi ce, na sami dattijon ya dawo daga coci, yana cire takalmi a gindin mangwaro. Ya tsufa ƙwarai, amma bakin nan nasa yana nan.

"Kai ne ka yi wannan tumbin? Da kamar sandar rake kake."

"Baba, kuɗin hayar da kake hana ni ne suka taru."

Ya yi dariya har da tari, ya ja ni ɗakin ajiya. Kwalin yana nan. Na ɗaga kaset na farko na ji shi sakayau. Na buɗe murfin, babu zare a ciki. Na biyu ma haka. Duka kwalin ƙwaryar kaset ce kawai, fanko.

Ya ƙwala wa matarsa kira. Ta leƙo da ludayi a hannu, ta dubi kwalin, ta dube mu.

"Zaren? Ai yana gona. Tsuntsaye sun hana dawa sakat. Na'urar ta mutu tun yaushe, me za a yi da su?"

Ba ta yi laifin komai ba. Duk yankin haka ake yi. In dawa ta fara nuna, sai a zare kaset a ɗaura daga sanda zuwa sanda, iska tana kaɗa shi yana walƙiya yana kuka, tsuntsu ba ya sauka. Ni kaina na sha sayar wa manoma matattun kaset a buhu saboda wannan.

Muka taka zuwa gonar. Tun daga nesa na hango shi, baƙin zare ya ratsa saman dawa ta ko'ina, yana sheƙi a rana, yana wani siririn fito. Wasan tela yana ciki, da wasan ƙwallo, da kiɗan gargajiya, da babana da kekensa. Ba wanda zai iya cewa wanne ne wanne. Wani na bara ne, wani na bana. Dattijon ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Da ka zo kafin damina."

Na ce, "Da na zo."

Ya ce in kwashe duk wanda nake so, tsuntsaye su ci rabonsu. Matarsa ba ta ji daɗin wannan ba, amma da ya gaya mata dalili da yarensu, ita ta fara kwance ƙullin. Muka naɗe abin da ya naɗu a kan karan dawa. Wani yana taɓuwa yake karyewa, wani baƙinsa yana zuba a yatsa kamar toka.

A shago na zauna na zaɓi waɗanda suka fi lafiya, na goge su, na haɗa bakinsu da salatif, na naɗa a ƙwarya. Na san aikin banza nake yi. Wanda ya yi shekaru yana gyaran kaset ya san abin da rana da ruwa suke yi masa. Da na kunna, allo ya cika da yayyafi fari da baƙi. Can sai ƙafafun 'yan ƙwallo suka gifta suka ɓace. Can kuma wata murya ta yi rabin kalma. Shi ke nan.

Ban iya yi wa Inna kwana-kwana ba. Na kai na'urar ɗakinta bayan la'asar, na gaya mata komai, tun daga gidan talabijin har gonar dawa. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Amma yana ciki?"

"Ban sani ba, Inna. Wataƙila yana ciki, wataƙila yana can a gona. Ko yana ciki ba zai fito ba."

"Kunna."

Na kunna. Ta jawo kujera har gwiwarta tana taɓa teburin, ta karkatar da kai domin idon dama ya fuskanci allo. Yayyafi ya yi ta zuba. Ƙafafun 'yan ƙwallo suka wuce.

"Wane ne wancan?"

"'Yan ƙwallo ne."

"To bar shi ya tafi. Babanku dama sai can tsakiya yake shigowa."

Zaren ya ƙare, na'urar ta yi ƙara ta tsaya. Ta ce in mayar da shi farko. Na mayar.

Yanzu idon daman ma haske kawai yake rarrabewa da duhu. Duk da haka ranar Alhamis in na dawo daga masallaci bayan magariba, nakan tarar ta jawo kujerar. Salatif ɗin yakan saki, in buɗe in sake liƙawa, kowane liƙi kuma zaren yana ƙara gajarta.