Taki Uku Cikin Gonar Maƙwabci

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa saboda tsoro. Shekarar da mai awo ya zo daga Madani da na'urar tauraron ɗan'adam, ni na riƙe masa sandarta a kusurwar gonarmu. Rana ta yi zafi, sai na ɗan matsa inuwar bagaruwa, ban gaya masa ba. Turken iyaka ya shiga taki uku cikin gonar maƙwabcina. Maƙwabcin ya ce, "Na'urar hukuma ba ta ƙarya, ɗan'uwa," ya haƙura.

Bara ya rasu. Yanzu dawar gefen nan ba ta ciyuwa gare ni, ina tsoron tambayar Allah kan haƙƙin marayunsa. Wanda ya san aikin nan ya taimaka ya gaya mini: matsawata ce ta ci ƙasarsu, ko na'urar da kanta kan yi kuskure haka?