Layuka Ukun da Na Goge a Shafin Godiya

Ina da wani ciwo, ba na iya ganin shafi ya karkace in yi shiru. Shagona na buga takardu yana Yelwa, kusa da inda masu babura ke tsayawa, kuma duk wanda ya taɓa kawo min aiki ya san halina.

A shekarar da ƙanwata ta gama digirinta na biyu na samu wani shiryayyen tsari na kwamfuta, tamfilet muke ce masa. Ka zuba rubutu sau ɗaya, ya fitar maka da kwafi uku: na bugawa a takarda, na karantawa a waya, da na ɗorawa a intanet. Haruffa tsaf, tazara daidai wa daida. Wallahi na riƙa ji da shi kamar ni na ƙirƙira shi, har abokan sana'a suna min tsiya wai na fi son sa da tuwon rana.

Kundin nata a kan masuntan bakin tafki ne, wajen Ngaski. Ta bar min shi ta koma makaranta, ta ce in gyara komai yadda na ga ya dace. Da wannan izinin na cuce ta.

Kun dai san godiyar mutanenmu, ba a barin kowa: malamai, Inna, Baba, yayye, ƙanne, har surukai. Tata ta cika shafi, layuka uku suka zubo shafi na gaba suka tsaya su kaɗai a saman farar takarda. Na so in rage girman harafi, tsarin ya ƙi. Raina ya ɓaci, sai na goge su. Na karanta su kuwa kafin in goge, ba zan yi ƙarya ba. Godiya ce ga kawunmu, ƙanin Inna, wanda ya bar kamun kifinsa ya riƙa tuƙa ta a kwalekwale daga wannan tsibiri zuwa wancan, yana yi mata tafinta wurin tsofaffin masunta. Na ce a raina ai ta riga ta rubuta "da sauran 'yan uwa", kuma mutumin da bai yi boko ba ina zai gani? Dannawa ɗaya, sunansa ya fita daga kwafi ukun gaba ɗaya.

Aka ɗaure kundi, ta miƙa wa makaranta. Wa ke komawa ya sake karanta godiyarsa?

Bayan ta gama muka kai kwafi ɗaya ƙauyen su kawu. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, ta tsaya tana karanta godiyar tana mayarwa Hausa, wanda duk aka ambata a sa masa albarka. Ashe tun tuni ta gaya wa kawu yana cikin littafin, shi kuma ya baza wa gari. Ta kai ƙarshen shafi, ta juya, ta dawo. Ta ciro waya ta duba, nan ma babu sunan kawu. Ina zaune ina kallon ta.

Kawu ya ajiye komar kamun kifin da yake ɗinkewa ya matso.

"Ɗiyata, gwada min wurin da nike."

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan wani layi, sunan malaminta ne ma a wurin, ta faɗi layukan nan uku da ka. Ya shafa wurin, ya yi ta murmushi, ya kira maƙwabta su zo su gani.

A mota ta yi ta kuka. Ta ce tsohon kwafi ta ba ni, sakacinta ne, mutumin da ya yi mata wahala irin haka. Nan ne ya kamata in buɗe baki. Abin da na ce kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, ɗan Adam ajizi ne."

Na mayar da layukan a kwafin waya daga baya, amma na takarda yana ɗakin kawu a nannaɗe cikin leda. Duk baƙon da ya je sai ya ciro ya nuna masa layin. Ita kuwa duk zuwanta sai ta riƙe masa goro da turare, tana neman gafarar laifin da ba nata ba. Kunya nake ji, kuma har yau ban gaya mata ba.