Kujeru Tara da Na Kankare a Ɗan Gulbi

Mun tashi da asuba daga Dakoro, mu huɗu a mota. Akwai ni, Hajo ungozoma. Akwai ƙanwata Habsu, wadda ta ce rakiya za ta yi mini, amma na san kasuwar Maradi take son gani. Akwai Jaɓɓo, tsohon Bafillace maƙwabcinmu da zai sauka a hanya, shi da ragonsa. Sai mai tuƙi, ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Kaka ta biyu ke nan da aka sauke tutar Faransa a bakin biro, wato ofishin kumandan, aka ɗaga tamu.

Motar ta wani Nasara ce, lokotoro, wato likitan dabbobi, a Maradi, wanda yaron ya shekara bakwai yana tuƙa shi. Nasaran zai koma ƙasarsu, mota za ta koma hannun gwamnati, kuma ba za a bar wa direba ita ba sai da takardar shaida daga maigidansa. Masu jiran wurin suna da yawa, yaron kuwa yana da mata da ɗiya huɗu. Nasaran ya ce zai rubuta, amma yana da buƙata kafin ya tafi: tsofaffin kujerun mata, 'yan tsugunno, irin na sassaƙa. Wai tara su yake yi. Namiji ba ya shiga ɗakin matan mutane ya ce a fito masa da kujera. Ni kuwa na daɗe ina karɓar haihuwa, babu ɗakin da ban san kujerarsa ba tun daga nan har Ɗan Gulbi, inda aka haife ni. Abin da ya kawo yaron wurina ke nan. Da yake faɗa bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Na ɗauki tawa kujerar, don ba na zama a ta kowa. Ta ƙirya ce, ta uwata, ita ma daga uwarta ta samu. Na sa ta ƙarƙashin ƙafafuna.

Hanyar rairayi ce zalla. Sau biyu mota ta kafe kafin hantsi, muka sauka, yaron yana tona, Jaɓɓo yana saro sabara ana shimfiɗawa ƙarƙashin taya. A na biyun ne ragon ya samu ƙullin ƙuli-ƙulin Habsu ya cinye har da tsumman. Jaɓɓo ya ce ai bai taɓa yin haka ba. Habsu ta ce ai bai taɓa shiga mota ba, shi ma ya waye. An gama girbi, damman hatsi jingine a gonaki, sababbin rumbuna ko'ina. Mun haɗu da Buzaye da raƙuma sun loda gero suna komawa arewa, wajen Tagriss. A bakin wata rijiya muka sayi fura a hannun matan Fulani, na ga dunƙulen da ake bayarwa a dala ya rage, nonon ma an ba shi ruwa ya sha. Na faɗa wa mai ita. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Nan Jaɓɓo ya sauka.

Mun shiga Ɗan Gulbi da azahar. Yaron ya zo da kwanonin ƙarfe masu fure, irin na Kano, kwano ɗaya a kan kujera ɗaya. Matasan mata har rige-rige suke, amma nasu kujerun ba su tsufa ba, na mayar da su. Tsofaffi nake nema, su kuwa sai da zama da gaisuwa mai tsawo. Gwaggo Ige, ƙanwar ubana, ta riƙe tata da hannu biyu.

"Me Nasara zai yi da ita? Matarsa ce za ta yi wankan jego?"

"Ban tambaye shi ba, Gwaggo."

"Ke Hajo, da ba ki tambayar kowa komai. To da wani ne ya zo, da muciya zan kore shi."

Ta ba ni. Saboda fuskata duk suka bayar, ba saboda kwano ba. Cikin kwana biyu na haɗa tara.

Rana ta uku da safe yaron ya tafi Kornaka neman man mota. Na jera kujerun a tsakar gida ina dubansu a hasken rana. Baƙaƙe ƙirin, suna ƙyalli. Hayaƙin murhu, man shanu, lalle, zufa, duk sun hau sun zama ɓawo. Kuma ni na san abin da ya zuba a kan kowace, don da hannuna na riƙe masu su a ranar naƙuda. A gidanmu ko ƙwarya ba a aikawa maƙwabta da ita sai an dirje ta da yashi ta yi fari. Yanzu a ɗauki waɗannan a haye teku da su, a ajiye a gaban baƙi, a ce ga abin zaman matan Hausa? Na ce wa Habsu ta ɗauki biyar, na ɗauki huɗu, muka nufi rijiya.

"Yaya, an ce mu wanke?"

"Sai an ce?"

Mun sa toka, mun sa yashi. Inda ya ƙi fita muka sa fasasshen kasko, inda kasko ya kasa na sa wuƙa. Har rana ta take muna yi. Zanen wuta da masassaƙa suka yi a ƙafafun ya bi dauɗar ya tafi, ban damu ba. Da muka shanya su sun yi fari tas kamar yau aka sauke gizago. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikina.

Yaron ya dawo ya tsaya a kansu yana dubansu.

"Inna, ai da kin bar su."

"Da na bar su me?"

Ya sunkuyar da kai ya shiga lodi. Nan ne wurin da nake yawan komawa a zuciyata. Ya san abin da maigidansa yake so, amma tun yana ƙarami bai taɓa mayar mini da magana ba, kuma ni na koya masa hakan. Da tun a Dakoro na ce, wane iri yake so, me yake gani a jikinsu, da ya faɗa.

Muka kama hanyar Maradi. Daga Tibiri hanya ta yi kyau. Maradi ta cika da awon gujiya, buhuna jibge kamar duwatsu, manyan motoci suna ɗauka zuwa Kano. Habsu sai waige take, na ce ta rufe baki kada ƙuda ya shiga. Gidan Nasaran yana can unguwar ma'aikata, akwatuna a buɗe ko'ina. Na ajiye kujerata a baranda na zauna. Ta ƙofa na hango wani ɗaki cike da akusa, da turakun tantin Buzaye masu sassaƙa, da ƙafafun gado, da kujeru irin namu, kowanne an ɗaura masa 'yar takarda da zare. Dukansu baƙaƙe ne. Ko ɗaya ba a wanke ba. Tun kafin ya fito na san abin da na yi.

Ya fito, dogo, siriri, ya ce, "Sannu, Mama," da karkatacciyar Hausarsa. Yaron ya kwance buhu. Nasaran ya ɗauki ta Gwaggo Ige, ya juya, ya shinshina, ya goga babban yatsa, ya ajiye. Ya ɗauki wata. A ta uku ya daina. Ya yi wa yaron magana da Faransanci. Ba na jin harshen, amma na san muryar da ake ce wa mutum maƙaryaci da ita.

"Me ya ce?"

"Ya ce sababbi ne, a kasuwa na sayo wurin masassaƙa. Ya ce bai zaci haka daga gare ni ba."

"Gaya masa ni na wanke su."

Ya gaya masa. Nasaran ya ɗaga kafaɗa. Ashe dillalai sun sha kawo masa labari iri-iri. Ya juya zai shiga ciki, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin zanena. Ya durƙusa, ba don gaisuwa ba, yana leƙen ƙafafun kujerata. Ya yi magana a hankali. Yaron ya girgiza kai da ƙarfi, ya amsa masa da kalma ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi wa babba haka ba.

"Me ya ce?"

"Ba komai, Inna. Tashi mu tafi."

"Na ce me ya ce."

"Ya ce wannan ita ce ta gaske, ita yake so."

A kan kujerar nan na durƙusa na haifi yaron, ina 'yar shekara goma sha shida, uwata tana riƙe da kafaɗuna. A kanta na yi kwana arba'in ina wanka da ruwan ganyen runhu. Bayan yaye aka kai shi wurin kakarsa, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa ba shi wani abu hannu da hannu ba. Na tashi tsaye. Na miƙa wa Nasaran kujerar, ko ƙura ban share mata ba.

Ya shiga lalube a aljihu, na ce wa yaron ya gaya masa ba sayarwa na yi ba, takarda nake jira. Na zauna a ƙasa, a kan siminti, ina jin ƙarar injin rubutu daga ciki. Da ya fito da takardar ya tambayi daga wa na gaje ta. Na faɗi sunan uwata. Ya rubuta a 'yar takarda, ya ɗaura wa ƙafar kujerar da zare, ya shiga da ita ɗakin nan. Taran kuwa ya ce mu tafi da abinmu.

Motar wani Alhaji mai fataucin hatsi muka hau zuwa gida, a bisa buhuna, kujerun a gefena. Habsu ta sayi atamfarta amma ba ta buɗe ta nuna mini ba, na gode mata da wannan. Yaron ya raka mu tasha. Da mota za ta tashi ya matso ya ce, "Inna," sai ya tsaya. Na ce, "Je ka, kada ka makara wurin aiki." Wuni guda muka yi a hanya, mun iso Dakoro da la'asar sakaliya, ƙugu kamar an daka.

An bar masa motar, wannan kam ya tabbata, kuma ba na da-na-sanin abin da na bayar. Abin da ke ci mini rai shi ne ba Nasara ya raba ni da kujerar uwata ba, hannuna ne da kasko a bakin rijiya. Na tsufa ina ganin duk abin da ya yi baƙi dauɗa ne, kuma ba na tambaya. Mata tara sun ba ni abin iyayensu don sun yarda da ni, na kankare musu shekarun da ke kai cikin wuni ɗaya. Yanzu ko Gwaggo Ige sai ta lalubi gindin tata kafin ta gane ta.

Washegari da safe na ɗaure takwas a buhu, na kai wa masu jakai da za su Ɗan Gulbi, na ce a mayar wa masu su, kwanonin kuma su riƙe. Ta taran mai ita ba ta da ɗiya mace, ta riga ta ce mini ko an fasa kada a dawo mata da ita. Na shiga da ita madafa, na shafe ta da man shanu ciki da waje, na ajiye ta daf da murhu inda hayaƙi ke bi. Habsu ta leƙo ta ce, "Yaya, yaushe za ta yi baƙi?" Na ce ba a idona ba. Na zauna a kanta na hura wuta.