Tsarabar da Babu Irinta a Makka

Daga Zahir zuwa Jidda

Kafin kiran assalatu Yaya Sani ya iso ƙofar gidanmu da ke unguwar Zahir a Makka yana danna hon, kamar a hannunsa jirgin yake. Mombasa na nufa. Alhaji Usman ne ya gayyace ni, wani ɗan kasuwar can da ke sarin carbi da turare a shagona duk zuwansa Umra. Ya daɗe yana cewa in zo in ga garinsu, ni kuwa ina ta kame-kame. Mu mutanen Makka mun saba a zo mana, ba mu iya zuwa ba.

Na shiga yi wa Inna sallama. Mahaifiyarmu ce, ta haura tamanin, kuma har yau Auta take kirana duk da furfurar da ta cinye mini gemu. Tun tana 'yar ƙarama iyayenta suka taho da ita daga ƙasar Katsina ta hanyar Sudan, ba ta sake komawa ba. Ta ce rayuwarta duk ta ƙare a ɗaure wa alhazai tsaraba, ita ba a taɓa kawo mata daga ko'ina ba.

"Abu ɗaya nake so, Auta. Ka kawo mini abin da babu shi a Makka."

Na ce an gama. A mota Yaya Sani ya yi ta dariya har muka wuce shingen bincike na hanyar Jidda. Wai garin da duniya ke juye kayanta a ciki, me zan samo? Nan na fara gane girman alkawarin da na ɗauka.

Mombasa

Mun yada zango a Addis Ababa, muka sauka Mombasa da la'asar. Zafi na sani, amma wannan na daban ne, mai ɗauke da laima, kafin in ɗauki jakata jallabiyata ta manne mini. Alhaji Usman ya rungume ni, ya cusa ni cikin keke mai ƙafa uku, irin wanda 'yan Kano ke kira a-daidaita-sahu, su kuma tuktuk. Da Larabci muke magana da shi. Ya sauke ni a gidansa cikin tsohon gari, aka kawo shinkafa dafa-duka mai kanumfari da kifi a ruwan kwakwa. Na ci har na ji kunyar kaina, sannan na faɗa masa buƙatar Inna. Ya bugi ƙirji ya ce gobe-goben nan za a gama.

Ganuwa da tsohon gari

Da safe muka fara da babbar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a bakin teku fiye da shekara ɗari huɗu, suka sa mata sunan Annabi Isa. Ginin murjani ne, katangarsa ta fi ɗakina kauri. Mai yi mana bayani ya ce sau da dama tana sauya hannu tsakanin Turawa da Larabawan Oman, ya nuna mana igwogi a jere suna kallon ruwa. Na kira Inna ta bidiyo na haska mata ɗaya. Ta ce ai ta san igwa, da ita suka yi ta shan ruwan azumi a Makka tun ba a haife ni ba.

Daga nan muka kutsa lungunan tsohon gari, inda benaye ke da barandar katako, ƙofofi kuwa an sassaƙa su da furanni da ayoyi. Na tsaya ina shafa wata ƙofa, har maigidan ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Alhaji Usman ya ja ni, ya ce yanzu zai kai ni shagon da ya fi kowane kayan tsaraba a garin. Na shiga na tarar da carbi, da dardumar salla, da dabino, da kwalaben turare. Na ɗaga wata kwalba, sai ga tambarin shagona a gindinta. Mai shagon ya rantse mini daga Makka aka kawo, ba jabu ba ne. Na ce na yarda, ni na zuba shi.

Kasuwa da hauren giwa

Washegari kasuwar kayan ƙamshi muka dosa. Duk abin da na ɗaga wa waya, Inna na da adireshinsa. Kanumfari akwai wurin Bayamane a unguwar Rusaifa. Atamfarsu mai rubutu a baki, maƙwabciyarmu ta ba ta guda biyu. Kwakwa kuwa, ta ce kada in raina mata hankali. Ina jiyo Yaya Sani a bayanta yana cewa, "Halas, ya isa, Auta, ka dawo gida haka nan."

Alhaji Usman ya kai ni ganin manyan hauren giwa da suka gitta babban titi, waɗanda ake bugawa a duk hoton garin. Na ce to, wannan kam babu a Makka. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ya amsa kamar tukunya. Ashe na ƙarfe ne. Na koma masauki jikina a sanyaye. Wasa-wasa abin ya fara ci mini rai, domin Inna ba ta taɓa roƙona komai ba, kuma a shekarunta ban san ko za ta sake ba.

Bakin mashigi

Ranar da zan kwana in tafi, Alhaji Usman ya ce mu je shan iska inda jirgin fito ke tsallakar da mutane da motoci. Akwai fili a wurin mai wasu dirka-dirkan itatuwa, gindinsu kamar rumbu, rassa a wargaje. Na tambayi sunansu, ya faɗa mini da Sawahili, na gyaɗa kai irin na baƙo. Muka sayi soyayyen rogo da barkono da lemon tsami, na jingina da ɗaya, na kira Inna ta bidiyo don in amsa mata cewa na gaza.

Ban gama sallama ba ta katse ni.

"Kauce. Kai nake cewa, kauce, ɗaga wayar sama."

Na ɗaga. Ta matso da fuskarta daf da wayar. Da ta yi magana, muryarta ta canza.

"Auta, kuka ce fa. Ba ka san kuka ba?"

Ni da aka yaye da miyar kuka, na shekara hamsin ina sha, ban taɓa sanin daga jikin wannan ƙaton take fitowa ba. A leda nake ganinta, alhazai su kawo. Inna ta ce irinta ce a ƙofar gidansu, kuma a gindinta kakarta ta tsaya ranar da suka taho, tana ɗaga musu hannu har suka sha kwana. Tun daga ranar ba ta sake ganin kuka a tsaye ba. Ta sa na zagaya itacen da waya sau biyu, a hankali, mutane suna kallona. Na ji hawaye, na ɗora wa barkono laifi.

Wata mata a gefe tana sayar da 'ya'yan kukar an rina su ja da sukari. Na ce ni wanda ba a fasa ba nake so, ɗungurungum da ɓawonsa. Ta lalubo mini ɗaya a buhu, mai tsawon damtsena, ta ƙi karɓar komai da ta ji na tsohuwa ne.

Komawa gida

A Jidda ma'aikacin bincike ya ciro shi daga jakata, ya jujjuya, ya kaɗa a kunne ya ji yana caccaka. Ya tambaye ni mene ne. Na ce uwar miyarmu ce ta haife shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kaɗa, suka miƙo mini suna murmushi.

Yaya Sani tun a mota ya fara shari'a, wai kuka ai buhu-buhu take a kasuwar Ka'akiyya ta Makka, don haka na faɗi. Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta kaɗa a kunnenta, ta ce ƙwame suke kiransa suna yara. Yaya ya ce a kawo taɓarya a fasa a dama da nono.

"Wanda ya fasa mini shi, ban yafe ba," in ji Inna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Usman da iyalinsa, da matar nan da ban ko tambayi sunanta ba. Yanzu duk wanda ya zo gaishe da Inna sai ya kaɗa ƙwamen, sannan ya sha labarin Bahaushe mai furfura da ya jingina da kuka yana tambayar sunanta. Ina zaune ake yi, ba na musu. Da safe idan na shiga gaishe ta, a gefen matashinta nake tarar da shi, hannunta a kai.