Mai Tambayar "An Cika?" Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, sha huɗu ga wannan wata, Allah ya karɓi ran Baba Mai Usur bayan gajeriyar jinya. A bakin mai kantin layinmu na ji labarin, na juyo gida ban sayi abin da na je saye ba.

Baba, ni da kai ba da daɗi muka fara ba. Lokacin da aka ji wa wani yaro mummunan rauni a faɗan gidan kallon ƙwallo, dattawan gari suka kafa doka cewa duk wanda bai kai shekara ashirin ba ya kasance a gida da ƙarfe tara. Kai aka ɗora wa aikin, tunda ka gama gadin makaranta kuma babu yaron da ba ka san ubansa ba. Ka busa usur, sannan ka bi gida-gida kana tambaya, "Masu gida, an cika?" A amsa maka da "An cika," ko a ce "Saura ɗaya," ka juya ka shiga nema.

Gidana ya fi kowane gida cewa saura ɗaya, saboda autana ba ya jin kira. Ranar da ka fara taso min shi a gaba, na tsaya a bakin ƙofa na wanke ka tas, na ce ɗana ba akuya ba ne da za a riƙa koro shi turke. Ka bari na gama, ka ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Akuya ta fi shi sanin hanyar gida." Dariya ta ƙwace min ina cikin fushi.

Ba ka taɓa dukan ɗan kowa ba, ba ka taɓa miƙa yaro ga 'yan sanda ba. Bayansu kake bi da tocilarka, kana haska musu hanya kana yi musu faɗa a hankali.

Sai auta ya girma ya tafi aiki nesa, gida ya rage ni kaɗai. Daren da ya tafi na ji ƙwanƙwasa. Na ce, "Baba, ai ka san babu yaro a nan." Ka ce, "To ke fa, kin shigo?" Dattawa sun ce ka daina wahalar da gwiwoyinka a gidajen da babu matasa, ka ji su kawai. Sau da yawa muryarka ce kaɗai muryar mutum da nake ji a wuni. Ranar da jiri ya kayar da ni a tsakar gida na kasa amsawa, kai ka tara maƙwabta aka ɓalle ƙofa. Ba don haka ba, da sai wari ya sanar da mutane.

Yanzu wani matashi ne ke busa usur. Yana da ladabi, kuma doka yake bi, don haka yana wuce ƙofata. Ba na ganin laifinsa, amma ina jin tsoro, kuma ina kewarka.

Jiya na tuna akwai wadda ta fi ni kewarka. Shekara da shekaru Inna, matarka, tana zaman jiran ka gama da gidajenmu kafin ka zo naka. Da aka busa usur na ɗauki tocila na je na ƙwanƙwasa mata, na ce, "Masu gida, an cika?" Daga ciki ta ce, "Saura ɗaya."

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka kamar yadda ka haska wa 'ya'yanmu hanya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba su haƙuri. Inna, ki bar kunnenki a ƙofa, gobe ma zan zo.